Sista Emmanuelle Da Masu Kwasar Sharar Alƙahira

Sanin kowa ne cewa ma'aikaci in ya kai shekarun barin aiki, abin da ke gabansa shi ne ya karɓi fanshonsa ya koma gida ya huta. Ba wanda zai ga laifinsa. Amma a shekarar 1971 wata malamar makaranta a ƙasar Masar, tana da shekara 62, ta ajiye alli, ta ɗauki 'yan komatsanta ta tare a Ezbet el-Nakhl, watau wata unguwar masu kwasar shara a gefen birnin Alƙahira. Ba ta bar wannan aiki ba sai bayan shekara 22, shi ma don shugabanninta sun umurce ta ne.

Sunanta na yanka Madeleine Cinquin, an kuwa haife ta a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam ran 16 ga Nuwamba 1908. Tana 'yar shekara biyar ubanta ya nutse a teku a kan idonta. Da ta girma ta shiga ƙungiyar matan zuhudu ta Notre-Dame de Sion a ɗarikar Katolika, ta yi alkawarin zaman talauci da rashin aure da biyayya a 1931, aka sa mata suna Sista Emmanuelle. Daga nan ta yi wajen shekara 40 tana koyarwa a Santambul da Tunis da Iskandariyya, galibi 'ya'yan masu hali.

Mutanen da ta koma cikinsu ana ce da su Zabbalin. Yawancinsu Kibɗawa ne, watau Kiristocin Masar, waɗanda talauci ya koro daga ƙauyukan kudancin ƙasar, akwai kuma Musulmi a cikinsu. Tun da asuba maza da yara su ɗaura wa jakuna amalanke su bi gida gida suna kwasar shara. In sun dawo a juye ta a ƙofar ɗaki, mata da 'yan mata su zauna su tsince ta da hannu: takarda daban, kwalba daban, gwangwani da tsumma daban. Ragowar abinci kuwa a ba aladu, waɗanda su ne jarin gidan. Ba famfo, ba lantarki, ba makaranta, ba asibiti. Jarirai na ta mutuwa da ciwon sandarewar wuya, saboda dauɗar da ake yanke musu cibiya a ciki. Birnin da suke share wa ƙazanta bai ɗauke su ma'aikatansa ba, balle ya biya su albashi.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Masu ba da taimako suna da yawa a duniya, amma akasari a mota suke zuwa, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a koma kafin la'asar. Ita kuwa wata 'yar bukka ta samu a tsakiyar unguwar, tana kwana da ɓeraye da ƙuma kamar kowa. Wanda ya kwana a wuri shi ya san inda ke yoyo. Zaman nan ne ya nuna mata cewa ba raba tufafi da abinci ne zai fid da mutanen ba, sai karatu da magani da sana'a. Ta fara da 'yan yara ƙanana da ajin yaƙi da jahilci, aka zo ga ɗakin shan magani da na haihuwa, daga bisani aikin ya kai unguwar Mukattam, inda har aka kafa masana'antar mai da shara taki. Don neman kuɗin wannan duka ta riƙa yawo Turai da Amurka, ta kuma kafa wata ƙungiyar taimako a 1980, wadda ake kira Asmae.

Ba za a rasa mai cewa ai duk wannan dabara ce ta janye mutane zuwa addininta ba. Tambaya ce mai kyau, gama tarihin mishan a Afirka ya isa ya sa mutum ya yi hattara. Amma abin da ya faru a Alƙahira bai goyi bayan wannan zato ba. Kibɗawan da ta zauna da su ba 'yan ɗarikarta ba ne, ba ta kuwa mai da su Katolika ba. Musulmin unguwar ma makaranta ɗaya da asibiti ɗaya suka shiga da maƙwabtansu. Daɗin daɗawa, wadda ta zama hannun damanta, ta kuma gaje ta, Sista Sara ce, Bamisriya 'yar cocin Kibɗawa. Gwamnatin Masar da kanta ta ba Sista Emmanuelle takardar zama 'yar ƙasa a 1991.

Ba kuma mace ce mai rufe baki don gudun ɓacin ran manya ba. Da ta ga yadda ake aurar da 'yan mata tun suna ƙanana, suna haihuwa kusan kowace shekara, jariran na mutuwa, sai ta rubuta wa Paparoma John Paul na Biyu takarda a kan maganin tazarar haihuwa, alhali ta san cocinta bai yarda da shi ba. Duk da haka, da aka ce ta koma Faransa a 1993, ta koma ba da son ranta ba. A can ta rasu, a garin Callian, ran 20 ga Oktoba 2008, saura 'yan makonni ta cika shekara 100.

To, amma yabon mace guda kada ya rufe wa jama'a ido ga babbar magana. Makaranta da ruwan sha da allurar rigakafi hakki ne a wuyan hukuma. In har sai wata tsohuwa ta yi yawon roƙo a ƙasashen waje kafin 'ya'yan masu share babban birni su koyi karatu, lalle akwai waɗanda suka karɓi albashi ba su yi aikinsu ba. Su ɗin ma'aikata ne masu takardun shaida, ba jahilai ba, sai dai ba su taɓa taka unguwar da ƙafa ba.

Abin da ya biyo baya ya isa shaida. A 2003 hukumomin Alƙahira suka ba wasu kamfanonin Italiya da Sifen kwangilar kwasar shara, ba a yi wata shawarar kirki da Zabbalin ba. An ɗora wa kamfanonin su sake sarrafa kashi 20 cikin 100 na abin da suka kwasa, alhali mutanen nan da jakunansu da hannuwansu suna kai wa wajen kashi 80. Sa'an nan a 2009, wata shida bayan rasuwarta, da cutar murar aladu ta ɓulla a duniya, gwamnati ta ba da umurnin a yanka aladun ƙasar baki ɗaya, kimanin 300,000, ko da yake a lokacin cutar ba ta kama kowa a Masar ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ba aladun ke yaɗa ta tsakanin mutane ba. Ko mutum yana ƙyamar dabbar, ai ya kamata a tambaya me zai cinye ragowar abincin miliyoyin mutane in an kawar da ita. Ba a tambaya ba. Zabbalin suka daina ɗaukar ruɓaɓɓiyar shara tun da ba ta da sauran amfani gare su, ita kuwa ta yi ta taruwa a titunan birnin tana wari.