Ji Ba Gani Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, bara mun karanta babin jana'iza a Risala ta Ibn Abi Zaid. Na haddace tsaf: wanka wutiri, ruwa da magarya, kafur a na ƙarshe, kabbara huɗu. Na ɗauka na san mutuwa.

Da damina kakana ya rasu a gidanmu, nan Domayo. Baffa ya ce, "Kai ne mai karatu, zo ka zuba ruwa." Wallahi buta ta kusa suɓuce mini. Ƙafar da nake matsa masa kullum ta yi sanyi ƙalau. Wannan sanyin babu shi a littafi.

Ko Annabi Musa (AS), Allah ya gaya masa mutanensa sun ɓata, amma bai jefar da alluna ba sai da ya gani da idonsa.

To, karatun banza ne? A'a fa. Da zuciyata ta rikice, shi ya nuna wa hannuna abin yi. Sai dai mu daina ce wa maraya "na san yadda kake ji". Ba mu sani ba. Mu zauna kusa da shi, mu yi addu'a.

Allah ya jiƙan magabatanmu.