Sharhi: Daga Kontagora zuwa Fas, lissafin da ya kasance a gaban mai son kallon Super Eagles a Maroko

Tun bayan da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da Najeriya daga neman gurbin Gasar Cin Kofin Duniya ta 2026 a bugun fenariti ranar 16 ga Nuwamba a birnin Rabat, hankalin masu sha'awar ƙwallon ƙafa ya koma kan Gasar Cin Kofin Ƙasashen Afirka da Maroko ta karɓi baƙuncinta daga 21 ga Disamba, 2025 zuwa 18 ga Janairu, 2026.

Najeriya ta kasance a rukunin C, kuma a birnin Fas ta buga dukkan wasanninta uku na matakin rukuni: da Tanzaniya ranar 23 ga Disamba, da Tunisiya ranar 27, sannan da Uganda ranar 30. Fas ba baƙon suna ba ne a kunnen Bahaushe, domin a can zawiyar Shehu Ahmad Tijjani take, inda mabiya ɗariƙar Tijjaniyya daga arewacin Najeriya suka daɗe suna kai ziyara. Wannan ya sa tafiyar ta 2025 ta zama abin jan hankali ga wanda zai so ya haɗa ziyara da kallon wasa.

Sai dai ga mazaunin gari irin Kontagora, tikitin shiga fili shi ne mafi arha a cikin lissafin. A gasar ta 2025, mafi ƙarancin farashinsa a matakin rukuni ya kasance dirhami 100, wanda a lokacin bai kai naira dubu 20 ba. Nauyin yana kan abubuwan da dole a mallaka kafin a isa ƙofar filin, kuma kowanne yana jiran wanda ya gabace shi.

Na farko shi ne fasfo. Daga 1 ga Satumba, 2025, Hukumar Kula da Shige da Fice ta ɗaga kuɗinsa zuwa naira 100,000 ga mai shafi 32 na shekara biyar, da naira 200,000 ga mai shafi 64 na shekara goma. A jihar Neja, inda mafi ƙarancin albashi yake naira 80,000, fasfo kaɗai ya zarce albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci. Ga kuma tafiyar kusan kilomita 200 zuwa Minna ta hanyar Tegina domin ɗaukar hoto da zanen yatsu, a kan titin da matsalar tsaro ta sa masu lura ba sa bin sa sai da rana. Wanda ba shi da fasfo a hannu gab da gasar, lokaci ya riga ya matse shi.

Na biyu shi ne shaidar ɗan kallo. Kwamitin shirya gasar ya fito da manhajar waya mai suna Yalla, wadda ta cikinta aka yi rajista da fasfo aka samu lambar shaida, kuma ta nan ne masu buƙatar biza, ciki har da 'yan Najeriya, suka neme ta ta intanet. A lokacin gasar, ba a sayen tikiti sai da wannan lamba, kuma kowace lamba tikiti ɗaya take bayarwa a kowane wasa. Ma'anar haka ita ce, tikitin da wani ya saya da sunansa ba kaya ba ne da za a miƙa wa wani a tasha. Shafin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, shi ne kasuwar da aka amince da ita a lokacin, kuma biyan kuɗi da katin banki aka yi, don haka wajibi ne mutum ya tabbatar katinsa yana aiki a ƙasashen waje.

Na uku shi ne jirgi da masauki. Kamfanin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Abuja zuwa Kasabalanka, daga nan kuma jirgin ƙasa ke kai matafiyi Fas cikin kimanin awa huɗu. Gasar ta faɗo a tsakiyar hutun Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da kujerun jirgi da ɗakunan otal suka fi tsada a shekara. Wanda ya kalli wasanni ukun ya buƙaci kwana takwas ko tara a Fas. Bayan matakin rukuni kuma, garin da Super Eagles suka buga na gaba ya dogara ne da matsayin da suka ƙare a kai, a gasar da aka rarraba tsakanin birane shida: Rabat, Kasabalanka, Fas, Tanja, Marrakesh da Agadir. Saboda haka hikima ita ce a kama ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, a kuma yanki tikitin dawowa da ake iya sauya wa rana. Sanyin Disamba a Fas ma ba irin na hunturun Kontagora ba ne, domin yana zuwa da ruwan sama, kuma wasu wasannin da dare aka yi su.

A wannan sarƙaƙiya ce 'yan damfara suke samun ƙofa. Duk lokacin da babbar gasa ta ƙarato, akan ga tallace-tallace a Facebook da WhatsApp na masu alƙawarin haɗa biza da tikiti da masauki a dunƙule kan farashi mai rahusa. Mutumin da ke nesa da ofisoshin jakadanci da na kamfanonin jiragen sama shi ya fi saurin faɗawa hannunsu, domin ya saba wakilta wani ya yi masa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Duk wanda ya nemi a ba shi fasfo da kuɗi a asusunsa na kansa, alhali rajistar abu ce da mai ita zai yi da wayarsa, ya cancanci a yi taka-tsantsan da shi. Mafi haɗari su ne masu raɗa wa matasa cewa bizar kallon ƙwallo gada ce ta tsallakawa Turai. Izinin na ɗan lokaci ne, kuma wanda ya wuce wa'adinsa ya zama mai zama ba bisa ƙa'ida ba.

Akwai kuma tambayar da ya dace magidanci ya yi wa kansa. Disamba lokacin kaka ne a masarautar Kontagora, lokacin da kuɗin masara da wake suke shigowa hannu. Kuɗin da ya kamata ya tsaya wa takin baɗi ko kuɗin makarantar yara na zangon Janairu bai dace ya ƙare a kujerar jirgi ba. Mai hali ya tafi da shiri, ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya: fasfo, shaida, tikiti, biza, sannan jirgi da ɗaki. Wanda lissafinsa bai cika ba, gidan kallo na unguwa ya nuna masa wasa iri ɗaya, kuma gasar 2027 da Kenya da Uganda da Tanzaniya za su shirya tana nan tafe ga mai fara tanadi tun yau.