Waiwaye: Yadda Kalifoniya ta ɗaure hannunta, Kansas kuma ta kwance nata

Ranar Talata, 6 ga Yunin 1978, mutanen jihar Kalifoniya ta Amurka suka fita ƙuri'ar raba gardama a kan wani ƙuduri mai lamba 13. Gwamna Jerry Brown ya roƙe su kada su yarda da shi. Shugabannin majalisar dokoki sun roƙa, ƙungiyoyin malamai da na ma'aikata sun roƙa, har wasu manyan kamfanoni sun zuba kuɗi don a kayar da shi. Jama'a suka gama sauraron kowa, suka shiga rumfa, kusan biyu bisa uku suka ce sun amince. Abin da suka amince da shi kuwa shi ne a daina karɓar harajin gida ko fili fiye da kashi 1 cikin ɗari na kimarsa, a mayar da kimar yadda take a 1975, kuma kada ta ƙaru da fiye da kashi 2 cikin ɗari a shekara sai ranar da aka sayar da gidan. Aka kuma rubuta wannan cikin kundin tsarin mulkin jihar.

Kafin a ce sun yi gaggawa, ya kamata a san abin da ya tunzura su. A Amurka gwamnatin tarayya na karɓar haraji a kan abin da mutum ke samu, yawancin jihohi ma suna karɓar nasu. Amma harajin gidaje da filaye na ƙananan hukumomi ne da hukumomin makarantu, kuma da shi ake biyan malaman firamare da sakandare, da 'yan sandan gari, da 'yan kwana-kwana, da ɗakunan karatu. Harajin albashi ana cire shi ne tun kuɗin bai zo hannu ba. Harajin sayen kaya a ɗan tsakura ake yi a bakin kanta, mutum ba ya lissafa shi. Shi kuwa na gida, takarda ce ke zuwa cikin ambulan, da sunanka, da adadi guda mai nauyi, da ranar da za ka biya, kuma in ka yi ta ƙin biya ana iya sayar da gidan. Shi ya sa shekara da shekaru, in aka tambayi Amurkawa harajin da suka fi ƙi, na gida yakan fito a sahun gaba.

A shekarun 1970 farashin gidaje a Kalifoniya ya yi tashin gwauron zabi. Dattijuwar da mijinta ya rasu ya bar mata gidan da suka saya da araha bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ta buɗe ambulan ta ga an ce gidan nata ya ninka daraja. Ita dai ba ta ƙara ko ɗaki ɗaya ba, kuɗin fanshonta na nan yadda yake, ba ta kuma da niyyar sayarwa. Arzikin a takarda yake, harajin kuwa kuɗi hannu ake so. A daidai lokacin nan gwamnatin jihar na zaune a kan rarar kuɗi ta biliyoyin daloli, majalisa kuma ta yi ta jan ƙafa a kan sassauci. Howard Jarvis, wani dattijo mai kaifin harshe da ya haura shekara 70, wanda ke yi wa ƙungiyar masu gidajen haya ta Los Anjeles aiki, shi da abokinsa Paul Gann suka tara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya. Ni a ganina kukan mutanen nan gaskiya ne, kuma shugabannin da suka ƙi jin sa da wuri su ne na farko da za a ɗora wa alhaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai maganin da aka ba su ya wuce cutar. Kuɗin da ƙananan hukumomi ke samu daga harajin gidaje ya faɗi da fiye da rabi a shekara guda. Da farko ba a ji zafin sosai ba, domin jihar ta kwashe rarar nan ta toshe giɓin. Amma daga ranar ikon kuɗin makarantu da na garuruwa ya koma Sakramento, babban birnin jihar, kuma wanda ke ba ka kuɗi shi ke faɗa maka yadda za ka kashe. Kalifoniya da a da take cikin jihohin da suka fi kashe wa ɗalibi kuɗi ta gangaro ƙasa da matsakaici. Ba Ƙuduri na 13 kaɗai ya jawo wannan ba, akwai hukunce-hukuncen kotu a kan raba kuɗin makarantu daidai, amma shi ne ya toshe babbar rijiyar.

Mai karatu na Kano ko Kaduna zai iya tuna 1979, lokacin da gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Talaka ya yi murna, kuma yana da hujja, domin harajin nan da wulaƙanci ake karɓarsa a ƙofar gida. Amma a nan ma kuɗin sama, wato na man fetur, shi ya ɗauki nauyin, ƙananan hukumomi suka zama masu jiran kaso daga sama.

Babban abin da ya fi damuna a dokar Kalifoniya shi ne yadda ta raba maƙwabta. A 1988 wata lauya, Stephanie Nordlinger, ta sayi ɗan gida a unguwar Baldwin Hills ta Los Anjeles a kan dala 170,000. Takardar harajinta ta zo da kusan dala 1,700 a shekara. Da ta bincika sai ta tarar a layi na gaba akwai gida mai girman nata daidai, filinsa ma ya ɗan fi nata, amma mai shi dala 358 yake biya, don kawai ya riga ta zuwa. Titi ɗaya suke bi, motar kashe gobara ɗaya za ta zo musu, makaranta ɗaya 'ya'yan unguwar ke zuwa. Ta kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, a 1992 alƙalai takwas cikin tara suka ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. A 2003 attajiri Warren Buffett ya faɗa da bakinsa cewa gidansa na bakin teku a Kalifoniya, mai darajar kusan dala miliyan 4, harajinsa bai kai dala 2,300 ba, alhali gidansa na Omaha mai darajar rabin miliyan yana biya masa sama da dala 14,000. An yi dokar ne da sunan dattijuwa mai fansho, amma otal-otal da manyan kantuna da filayen kamfanoni duk sun shige ƙarƙashin lemar. Matashin da ya yi aure jiya ya ci bashi ya sayi gida, shi ke ɗaukar kaya mafi nauyi.

Duk da haka, ƙudurin na nan da farin jininsa. Dalilin ba boyayye ba ne: duk wanda ya daɗe a gidansa yana cin moriyar dokar, kuma su ne suka fi fita zaɓe. A 2020 an nemi a cire manyan gine-ginen kasuwanci kaɗai daga cikin kariyar, ba a taɓa gidan kwana ko ɗaya ba, amma masu zaɓe suka ƙi, kusan kashi 52 da 48. Kuɗin da aka rasa a gida kuwa sai aka bi shi ta wata ƙofa. A Nuwamban 2012 mutanen Kalifoniya ɗin nan, a ƙarƙashin Jerry Brown ɗin nan da ya dawo mulki, suka amince a ƙara wa masu hali harajin kuɗin shiga har ya kai kashi 13.3 cikin ɗari.

A wannan shekarar ce jihar Kansas ta bi hanyar da ta saɓa. Gwamna Sam Brownback ya sa hannu a watan Mayun 2012 a kan dokar da ta sauke harajin kuɗin shiga na sama daga kashi 6.45 zuwa 4.9, ta kuma yafe shi gaba ɗaya ga ribar ƙananan kamfanoni da masu su ke shigarwa a matsayin abin da suka samu. Burinsa shi ne a yi ta ragewa har a kai sifili. Ya ce dokar za ta zama kamar allurar farfaɗo da zuciyar tattalin arzikin jihar, masanin tattalin arziki Arthur Laffer kuma na cikin masu ba shi shawara. Lissafin shi ne kamfanoni za su kwararo, aiki ya yawaita, abin da aka yafe ya dawo ta wata hanya.

Bai dawo ba. A cikakkiyar shekarar farko kuɗin shigar jihar ya ragu da kusan dala miliyan 700. An yi hasashen kamfanoni 190,000 ne za su ci moriyar yafiyar, sai sama da 330,000 suka bayyana, domin duk mai wayo ya sake wa sana'arsa rajista. Likitan haƙori mai asibitin kansa ba ya biyan jihar ko sisi a kan ribarsa, amma yarinyar da ke rubuta sunayen marasa lafiya a bakin ƙofarsa ana cire nata duk wata. Bunƙasar da aka yi alkawari ba ta zo ba, Kansas ta ci gaba da bin bayan ƙasar wajen samar da ayyuka. Kamfanonin auna ƙarfin biyan bashi suka rage mata daraja a 2014. Aka riƙa ɗibar kuɗin gyaran hanyoyi ana cike giɓi, aka ɗage zubin asusun fansho. A 2015 wasu makarantu, irin na garin Konkodiya, sun rufe zango kwanaki kafin lokaci saboda kuɗi ya ƙare. Kotun Ƙolin jihar ta yi ta yanke hukunci cewa abin da ake ba makarantu bai cika sharaɗin tsarin mulki ba. A 2015 ɗin ne kuma aka ɗaga harajin sayen kaya daga kashi 6.15 zuwa 6.5, kuma a Kansas ta lokacin har burodi da madara ana karɓa a kansu. Gundumomi da yawa suka jingina da harajin gidaje da gonaki. Talaka ya gudu bai tsira ba.

Abin lura shi ne jama'a ba su juya nan take ba. A 2014 sun sake zaɓen Brownback, da 'yar rata kaɗan. Sai da abin ya iso ajin ɗansu da titin ƙauyensu, jiki magayi. Zuwa 2016 binciken jin ra'ayi ya nuna babu gwamnan da ya kai shi rashin farin jini a Amurka, kuma a zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa ta Rifablikan aka kayar da magoya bayansa da dama a majalisa. A Yunin 2017 majalisar, wadda 'yan jam'iyyarsa ne ke da rinjaye a cikinta, ta soke yawancin ragin. Brownback ya hau kujerar na ƙi, suka haɗa biyu bisa uku suka tsallake shi. A 2018 jihar da ta saba bin Rifablikan ta zaɓi Laura Kelly ta Dimokurat a matsayin gwamna.

Na daɗe ina jin ana cewa jama'a ba su san abin da suke so ba, suna son makaranta mai kyau amma ba sa son biya. Ban yarda da wannan ba. Mutum na amsa tambayar da aka yi masa ne. Ka tambaye shi ko yana son a rage masa haraji, zai ce e, kuma ba laifi ya yi ba. Ka gaya masa ragin zai ci malamai biyu a makarantar unguwarsu, ko zai dawo masa a cikin ambulan ɗin gida, sai ya tsaya ya yi lissafi. Ɗan siyasar da ya kawo rabin tambaya ya ɓoye rabi, shi ne ya ci amanar masu zaɓe. Shaida kuwa tana nan: a 2008 mutanen Masachusets sun ƙi soke harajin kuɗin shiga da kusan kashi 70 cikin ɗari, da aka nuna musu girman ramin da zai bari. Jihar Tekzas ba ta karɓar harajin albashi, amma harajin gidajenta na cikin mafi nauyi a ƙasar. Kuɗin makaranta dole wani ya biya shi.

Bambancin jihohin biyu a wurin gyara ne. Kansas doka ta yi irin wadda majalisa ke iya warwarewa, shekara biyar ta ishe ta gane kuskure ta dawo. Kalifoniya kuwa ta sa fushin shekara guda cikin tsarin mulki, ta ƙara da sharaɗin cewa majalisa ba za ta ƙara haraji ba sai da biyu bisa uku, ta kuma haifar da miliyoyin mutanen da gyara zai taɓa aljihunsu. Sama da shekara 45 ke nan, jikokin masu zaɓen 1978 na rayuwa a ƙarƙashin hukuncin da ba a tambaye su ba. Alhali akwai hanyar taimakon dattijuwar nan ba tare da an yi wa otal kyauta ba: jihohi irin su Mishigan da Minesota suna mayar wa mai ƙaramin ƙarfi wani abu in harajin gidansa ya wuce wani kaso na abin da yake samu. Yuta kuma tun 1985 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta sanar da jama'a, ta kira taro a fili, kafin ta karɓi fiye da na bara. Kansas ma ta ɗauki irin wannan tsari a 2021.

Ba cewa nake rage haraji haramun ne ba. Kansas ɗin da kanta ta sake ragewa a 2024, amma a lokacin baitulmali na da rara, kuma ragin ya haɗa da sassauci a kan gidajen kwana. Harajin jiha a kan kayan abinci ma an janye shi sannu a hankali har ya ƙare a farkon 2025.

Maganar ba ta mutu ba. Misisipi ta yi dokar kawar da harajin kuɗin shiga a hankali, gwamnan Fulorida na neman a soke na gidajen kwana. A Dakota ta Arewa sau biyu ana kai wa jama'a tayin soke harajin gidaje: a 2012 kusan uku bisa huɗu suka ƙi, a Nuwamban 2024 kuma aka sake kawowa, aka lissafa musu cewa giɓin zai haura dala biliyan 3 a duk shekara biyu, masu tayin kuma ba su faɗi inda kuɗin zai fito ba. Kusan kashi 63 cikin ɗari suka sake cewa a'a.