An Haƙa Rijiya, Ina Guga?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, kullum muna jin ana yabon ajin yaƙi da jahilci, ana tafi ranar ba da takardar shaida. Mu tambayarmu ɗaya ce: manomin Kibiya ko matar aure a Rano da suka sha wahalar wata da watanni har suka iya haɗa baƙi da wasali, me za su karanta bayan an tashi daga taron? Buhun takin da ya saya da Turanci aka rubuta shi, kwalbar maganin feshi haka, takardar bashi kuwa sai dai ya dangwala yatsa kamar bai taɓa zama a aji ba. Karatun da ba a yin bitarsa gudu yake yi. Kafin damina biyu ya koma inda ya fito.

Abin takaici, ko Turawan mulkin mallaka sun gane wannan. Da aka ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, sai aka kafa hukumar NORLA a Zariya domin ta buga wa sababbin makaranta ƙananan littattafai masu araha. Larduna suka samu jaridunsu: Kano tana da Sodangi, Katsina Himma, Sakkwato Zaruma. Ba mu ce don ƙaunar talaka suka yi ba, suna da tasu manufa, amma dai sun san ba a haƙa rijiya a hana guga. A 1959 aka rufe NORLA. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980, har UNESCO ta karrama ta a 1983. Madalla! To, amma lambar yabo ba ta karantuwa a zaure. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda tun 1939 ake karanta wa jama'a ita a gindin bishiya, ta daina fitowa, masu mulki ko gezau.

Waɗanda suka rufa mana asiri su ne marubutan adabin kasuwar Kano, da aka yi ta zagi tun shekarun 1980 wai soyayya kawai suka sani. Da kuɗin aljihunsu suka buga, kuma mata da yawa a cikin littattafansu karatu ya zauna musu. Masu zagin fa, littafi nawa suka kai ƙauye?

Mu ma da laifinmu. Muna rubuta kundin digiri a kan noman dawa da Turancin da mai gonar ba zai ji ba, a jibge shi ƙura ta ci. Muna kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai: a hutun nan, 'yan sashen noma da na likitanci da na Hausa su sauka Rano da Kibiya, su tambayi mutane abin da suke son karantawa, a rubuta shi gajere da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, domin da yawa cikin waɗanda ake kira jahilai tun suna yara suke karatu a allo. Ƙananan hukumomin biyu kuma su biya kuɗin ɗab'i, wanda bai kai na man motar shugaba ba.