Motar Fadama: A Koya Wa Mai Walda Lissafi, Kada A Ƙwace Masa Wuta

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar kifi ta Haɗeja, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin a-kori-kurar da ke shigowa daga Guri ko Kiri Kasamma, zai ga motar ba yadda kamfani ya fito da ita take ba. An ƙara wa sifirin ɗin baya falle biyu ko uku, an ɗaga bayan motar sama, an liƙa faranti a jikin shasi inda ya taɓa tsagewa, wani lokaci har shokazobar ta wata mota ce dabam aka ƙera mata kunne aka ɗaura. Jami'in hanya na kallon wannan a matsayin ganganci, direba kuwa yana kallonsa a matsayin abin da ya sa yake cin abinci. Ra'ayina shi ne kowannensu na da rabin gaskiya, kuma abin da ya kamata gwamnati ta sa a gaba shi ne ilimin mutumin da ke riƙe da wutar walda, domin hana shi aikin ba zai yiwu ba, barinsa a kan kintace kuma rayuka yake ci.

Ƙasar ce ta tilasta wannan sana'a. Daga Auyo zuwa gabas kogin Haɗeja yana rarrabuwa, ya bazu cikin fadamun da suka miƙa har Nguru, kuma hanyar da mota ta bi lafiya a watan Maris kan zama taɓo mai kama taya a watan Satumba. Idan ruwa ya janye, sawun tarakta da na shanu su bushe su zama kamar kunyoyin gona. A arewa kuma, wajen Birniwa, rairayin jigayi ne da ke haɗiye mota har ciki. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin zuwan ruwa ya canza, kachala ta toshe magudanai, ruwa yana kwanciya inda da ba ya kwana. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun yanke hanyoyi da dama a masarautar Haɗeja. Amma shinkafa da tattasai da kifi ba sa jiran a gyara gada. Dole wata mota ta shiga ta ɗauko su, kuma motar nan galibi tsohuwar Hilux ce, ko ragowar Peugeot 504 irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna.

Sai an fahimci aikin ƙarfen da ke ƙarƙashin mota kafin a gane inda hatsarin yake. Sifirin mai falle-falle aiki biyu yake yi a lokaci guda: yana ɗaukar nauyi, yana kuma riƙe aksil ɗin baya a wurinsa, kada ya zame gaba ko baya ko gefe. Akwai wani tsarin kuma, wanda masu sha'awar motocin daji a Amurka da Ostareliya ke yanke na kamfani su ƙera nasu: a cire fallayen, a sa sifirin mai murɗe ya ɗauki nauyi kawai, sannan a riƙe aksil da hannuwan ƙarfe guda huɗu, biyu sama biyu ƙasa, sau da yawa da sanda ta biyar a gicciye mai hana shi karkata gefe. Amfaninsa a bayyane yake. Taya ɗaya na iya faɗawa rami ɗayar ta hau tudu, dukkansu suna taɓa ƙasa, motar ba ta rataye tana juya taya a iska ba. Da sifirin mai murɗe da hannuwa Range Rover ta yi suna tun 1970, haka ma Land Cruiser samfurin 80 a farkon shekarun 1990. Yanzu da bidiyon irin wannan ƙira ya cika wayoyin matasan gareji, ba abin mamaki ba ne wani ya ce shi ma zai gwada a motar fadama.

A nan ya kamata a yi hattara. Kamfanin Toyota da ya sa wa samfurin 80 hannuwa a baya, shi ne ya bar wa a-kori-kurar Land Cruiser samfurin 79 fallayenta a baya har yau, ya sa mata sifirin mai murɗe a gaba kawai tun 1999. Dalili shi ne motar lodi ce. Fallaye suna rarraba nauyi a wurare biyu masu nisa a jikin shasi, kuma idan ɗaya ya karye a tsakiyar daji, sauran kan riƙe motar ta lallaɓa ta kai gari. Hannuwa kuwa dukkan ƙarfin tuƙi da na birki ta kunnuwan da aka yi musu walda yake bi. Kunne ɗaya ya tsinke, aksil ya juya, mota ta nufi inda direba bai nufa ba. Kuma tsawon kowane hannu da kusurwar da ya kwanta su ke yanke ko bayan mota zai durƙusa idan an taka totur, ko za ta riƙa jan gefe a kwana, ko gaɓar farfela za ta riƙa cinyewa duk wata. Bambancin santimita kaɗan ya isa ya ɓata komai. Wannan aikin awo ne da takarda da alƙalami, ido kaɗai ba ya yinsa. Ga motar da ke ɗaukar buhuna, fallaye sun fi dacewa da Haɗeja. Hannuwa sai ga motar asibiti ko ta masu rigakafi, wadda mutum take ɗauka kuma girgiza ke cutar da shi.

To amma fallayen ma ana yi musu ɓarna, kuma ita ce ta fi yawa. Direba ya kawo mota ya ce, “Malam, a ƙara mini ƙarfi, tana zama idan na yi lodi.” A ƙara falle, mota ta daina zama, kowa ya yi murna. Sai dai zaman nan shi ne bakin da mota ke magana da shi ta ce kaya sun yi yawa. Hilux an ƙera ta don kusan tan ɗaya, wato buhu goma mai kilo 100. Ƙarin falle bai ƙara wa boris ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ba, bai faɗaɗa birki ba. Akwai ma wani ɗan bawul a bayan irin waɗannan motoci, an haɗa shi da aksil da siririyar sanda. Idan mota ta zauna saboda nauyi, shi ke ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki. Idan aka ɗaga motar aka ƙanƙare sifirin ba a gyara wannan sanda ba, bawul ɗin zai ɗauka motar wayam take alhali buhu ashirin ne a kanta da mutane a bisa. A fadama, inda ake tafiyar hawainiya, ba za a gane ba. Ranar da ta hau kwaltar Haɗeja zuwa Kano aka taka birki da gaggawa ake ganewa. Haka nan yi wa karyayyen falle walda: ƙarfen sifirin da wuta aka horar da shi a masana'anta, wutar walda tana kashe wannan horon, sai ya sake karyewa dab da ɗinkin.

Wasu za su ce a gyara hanyoyi kawai, magana ta ƙare. Lallai a gyara, amma babu gwamnatin da za ta shimfiɗa kwalta zuwa kowace gonar rani a ƙasar da ruwa ke mamayewa duk shekara, kuma ko an kai kwalta Baturiya, daga can zuwa bakin gona laka ce. Wasu kuma za su ce jami'an VIO da hukumar kiyaye haɗurra su kama duk motar da aka taɓa ƙarƙashinta. Idan aka yi haka, motocin da ke fito da amfanin gona ne za su ƙare a ofis, kuɗin dako ya hau, manomi ya biya, aikin kuma ya koma bayan gida inda babu mai gani. Doka mai amfani ita ce wadda ta bambanta gyara don hanya da gyara don ƙetare lodi, ta kuma auna lodin a tasha kafin mota ta tashi, inda ƙungiyar direbobi ke da iko.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta makanikan kansu: shekara talatin suna wannan aiki, wane ɗan boko ne zai koya musu? Gaskiya ne sun san ƙasar fiye da injiniyan da ya zana motar a Japan, kuma hannunsu ya faɗa. Amma gogewa tana koyar da abin da ya dawo gareji ne kawai. Motar da ta kife a hanyar Gujungu ba ta dawowa ta gaya wa mai walda cewa bawul ne, sai a ce gudu ne ko tsautsayi. Abin da ya rage musu kaɗan ne, ba digiri ba: karanta farantin nauyi da ke jikin mota, auna kusurwar farfela, sanin ƙarfen da ke karɓar walda da wanda ba ya karɓa, daidaita bawul bayan an ɗaga mota. Kwalejin fasaha ta Binyaminu Usman tana nan cikin Haɗeja, hukumar NBTE kuma tana da tsarin ba masu sana'ar hannu takardar shaida bisa abin da suka riga suka iya. Gwamnatin Jigawa ta zauna da ƙungiyar makanikai ta NATA, a shirya horo na 'yan makonni da Hausa, da yamma bayan an tashi aiki, a kan mota ta gaske a bisa rami. A yi shi da rani, kafin ruwa ya sake zuwa direbobi su fara layi suna neman a ƙara musu falle.