ƘWALLON ƘAFA A KADUNA: DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Duk lokacin da sabuwar kakar wasan ƙwallon ƙafa ta gabato, magana ɗaya ce ke cika majalisun 'yan kallo a Kaduna, tun daga Kawo da Unguwar Sarki har Tudun Wada da Unguwar Rimi: wa aka sallama, wa aka ɗauko, kuma wa zai horar da 'yan wasa bana. Shugabannin ƙungiyoyi su ma sukan tara 'yan jarida su nuna musu jerin sababbin 'yan wasa, su yi alkawarin cewa bana kofi ya zo gida. Jama'a su yi tafi, kowa ya watse da murna.

To, amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali kuwa ita ce ta fi muhimmanci. Cikin 'yan wasan da suka yi wa ƙungiya wahala bara, nawa ne suka saura? An biya su haƙƙinsu kuwa? Amsar wannan tambaya ita ce ma'aunin gaskiya na abin da ƙungiya za ta taɓuka a kaka mai zuwa, ba yawan baƙin fuskokin da aka jera a gaban mai ɗaukar hoto ba.

Babu mai musun cewa Allah Ya albarkaci Kaduna da 'yan ƙwallo. Marigayi Rashidi Yekini, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1993, a Kaduna aka haife shi, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara. A gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, shi ne ya jefa wa Nijeriya ƙwallonta na farko a ragar Bulgeriya, na biyu kuma Daniel Amokachi ya jefa, shi ma ɗan Kaduna. A wasannin Olamfik na 1996 a Atlanta, inda Nijeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2 ta ɗauki lambar zinariya, biyu daga cikin ƙwallayen nan uku Celestine Babayaro da Amokachi ne suka ci su. A cikin tawagar kuma akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal da Emmanuel Babayaro, dukkansu haifaffun garin nan. Shekara 20 bayan haka, Sadiq Umar ya ci ƙwallo biyu a wasan da ya ba Nijeriya lambar tagulla a Olamfik na 2016 a Burazil.

Garin da ya haifi irin waɗannan ya cancanci a ce kofuna sun cika masa ɗaki. Abin baƙin ciki, ba haka al'amarin yake ba. Sau biyu ne kawai ƙungiyoyin garin suka yi tashen da aka san da su a Afirka, kuma tarihin kowane daga cikinsu yana ɗauke da darasi.

Na farko shi ne zamanin Ranchers Bees, wadda a da ake kira DIC Bees. Ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na ƙasa a 1987, inda Abiola Babes ta yi nasara a kanta. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka ci kofi a ƙasashensu, ƙungiyar Bizerte ta Tunisiya ta tsere mata da ƙwallo ɗaya tak. A 1989 kuwa ta ɗauko kofin WAFU na Afirka ta Yamma bayan ta doke ASEC ta Abidjan. Mai lura zai ga cewa wannan hawan tsani ne, mataki bayan mataki, shekara uku a jere. Irin wannan ba ya samuwa ga ƙungiyar da ake rushewa ana sake ginawa kowace shekara. A wannan gida ne Amokachi ya taso, har Clemens Westerhof ya kira shi gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya tun bai cika shekara 18 ba, kuma a shekarar ce ya wuce Club Brugge ta Beljiyam.

Na biyu shi ne na Kaduna United, wadda ta doke Enyimba a bugun daga kai sai mai tsaron gida ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010, sa'an nan a 2011 ta kai matakin rukuni a gasar Confederation ta Afirka. Amma a 2014 ta faɗo daga babban rukunin ƙasa. Kada City ma da ta hau a 2019, ba ta kammala ko kaka ɗaya a can ba. Watau hawa bai taɓa gagarar Kaduna ba. Zama a saman shi ne aiki.

A dubi maƙwabta. Kano Pillars ta ɗauki kofin lig na ƙasa a 2008, ta kuma sake ɗauka sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. Cikin abubuwan da suka taimake ta har da riƙe ginshiƙanta, irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad, waɗanda suka daɗe suna sanye da rigarta har yaran Kano suka tashi suna kwaikwayonsu. Ɗan kallo yakan sayi tikiti ne don ya ga fuskar da ya sani. In ya zo filin wasa na Ahmadu Bello ya tarar da mutum goma sha ɗaya waɗanda bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, da wuya ya dawo mako mai zuwa.

Dalilin da ke sa sauyin 'yan wasa barkatai ke cutar da ƙungiya a fili yake. Wasan ƙwallo aikin gayya ne. Mai tsaron gida yana bukatar ya san halin 'yan bayansa, ɗan tsakiya ya san inda ɗan gaba zai nufa tun kafin ya motsa. Wannan sabo ba ya samuwa cikin mako uku ko huɗu na zaman sansani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyar da ta sallami rabin 'yan wasanta ta ɗebo wasu daga gwajin kwana biyu, za ta cinye zagayen farko na gasa tana koyon sunayen juna, kafin ta farga an ba ta rata.

Hasali ma, yawancin 'yan wasan da ke barin ƙungiyoyin ƙasar nan ba don son yawo suke tafiya ba. Sanannen abu ne a gasar Nijeriya, tun bayan da aka mai da ita ta ƙwararru a 1990, cewa ana yawan ɗaukar ɗan wasa a kan yarjejeniyar kaka ɗaya, a riƙe masa albashi da kuɗin sa hannu wata da watanni. Mai iyali ba zai ciyar da gida da alkawari ba. Da zarar kaka ta ƙare sai ya naɗe tabarmarsa, ƙungiya kuwa ba ta sami ko kwabo a kansa ba, tun da wa'adin takardarsa ya cika.

Wani zai ce ai ba a hana yaro neman arzikinsa a Turai, kuma ƙungiyar da ba ta sa sabon jini tsufa za ta yi. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai so a daƙile Amokachi a Kaduna a 1990. Amma akwai bambanci tsakanin sayar da ɗan wasa da yin asararsa. Dokokin FIFA sun tanadi cewa in ɗan wasa ya sauya sheƙa zuwa wata ƙasa kafin wa'adin yarjejeniyarsa ya cika, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Sai dai wannan haƙƙi na wanda ya yi wa yaron rajista ne, ya kuma adana takardu. Wanda ya yi sakaci da rubutu, shi ne ake yi wa kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Saboda haka, kafin a buga usur na farko, akwai abubuwa huɗu da ya kamata masu riƙe da ƙungiyoyin Kaduna su sa a gaba. Na ɗaya, a biya bashin bara kafin a yi maganar ɗaukar kowa bana. Na biyu, a ɗaure ginshiƙan ƙungiya da yarjejeniya a rubuce ta shekara biyu ko uku, sababbi kuwa a ɗauke su gwargwadon giɓin da mai horarwa ya nuna, ba don farin jinin wani dillali ko alfarmar wani babba ba. Na uku, a bar mai horarwa ya yi aikinsa, kada a kore shi don an yi rashin nasara sau biyu. Na huɗu, kowace ƙungiya ta kafa rukunin yara mai rajista, ta riƙa zuwa filayen Unguwar Shanu da Badarawa da Malali da Dandalin Murtala, inda ake yin Babangidan gobe ba tare da kowa ya rubuta sunansa ba.

'Yan kallo ma suna da nasu rabon. Wanda ya tsallaka katanga ko ya nemi a shigar da shi kyauta, ba shi da bakin zagin ƙungiya in ta kasa biyan albashi. Gwamnati kuma aikinta shi ne gyaran filaye da tabbatar da tsaro, da jawo 'yan kasuwa su zuba jari, domin ƙungiyar da ta dogara kacokan ga baitulmali takan yi rai ne ko ta mutu gwargwadon sha'awar mai mulki.

Filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya a 1999, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Bai dace a ce baƙi ne kaɗai ke iya cika shi ba. Ranar da aka ji shugaban ƙungiya a Kaduna yana alfahari da yawan 'yan wasan da ya riƙe, ba yawan waɗanda ya ɗebo ba, ran nan ne magoya baya za su sa rai da kofi bisa hujja. Hausawa sun riga sun faɗa, da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya sa masu abin su ji, su kuma gyara.