Kafin Mu Yi Wa Injin Buga Abinci Tafi, Mu Leƙa Ƙwaryar Nono



Kwanan nan bidiyon injin da ke buga abinci ya cika wayoyinmu. Ana ɗura masa kwaɓi, ya riƙa fitar da shi ta wani siririn baki, layi kan layi, har ya gina siffar da aka zana a kwamfuta. Gaskiya ne akwai shi. A 2013 hukumar NASA ta Amurka ta ba da kuɗin binciken irinsa saboda 'yan sama jannati, a Jamus kuma an gwada shi wajen haɗa abinci mai laushi ga tsofaffin da haɗiya ke yi wa wuya. Yanzu masana suna ƙoƙarin cusa ƙwayoyin bakteriya masu amfani ga hanji cikin wannan kwaɓi, yadda za su isa cikin mutum da ransu.

Abin da ya ƙona mana rai shi ne yadda wasunmu suka ɗauki bidiyon suna ta gori, wai duniya ta ci gaba, mu muna nan kan fura da nono. To wace ƙwaya ake fama a saka a injin? Yawanci dangin Lactobacillus ne, su ne dai masu sa nonon da ake kawowa kasuwannin Sandamu da Daura ya yi tsami. Mai kindirmo takan dafa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan ragowar na jiya, ta rufe ƙwarya ya kwana. Ta san in ta zuba da zafi aikin ya lalace. Zafin nan shi ne babban ciwon kan masu injin har yau.

Amma kada mu tsaya yi wa kanmu kirari. Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauko tarin fuka daga saniya. Wasu suna sirka nono da ruwan da ba a san inda aka ɗebo shi ba, ya wuni cikin rana ƙuda na bi. Yaron da ya sha wannan gudawa zai samu, gudawa kuwa ita ke ƙarasa yaron da tamowa ta riga ta kama. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina a watanni shida na farkon 2025 saboda tamowa.

Injin buga abinci ba zai shigo rugar da ba ta da lantarki ba. Firji mai aiki da hasken rana zai shiga, haka mazubi mai murfi da ruwa mai tsabta. Mu da muka yi diploma, da ƙannenmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, aikinmu ne mu ƙera waɗannan. Ƙaramar hukuma kuma ta ware wa masu nono rumfa mai famfo a kasuwa.

Wanda bai yarda ba ya fito da hujjarsa a ƙasa. Allah ya sa mu dace.